Dodon 'Yan Aji Huɗu

Tun ranar da aka turo Malam Abdussamadu makarantarmu ta Gulma ba shi da zance sai na komawa Birnin Kebbi. Ruwanmu ƙarni yake masa, yaranmu warin albasa. Ni nake koyar da aji uku, bango ɗaya ne tsakaninmu, don haka na san rabin darasinsa tsaki ne. Sau uku yana rubuta wa Sakkwato takardar neman canjin wuri, aka ce sai abin da sufeto ya gani.

Sufeton, Mista Silvanus, ya aiko cewa zai zo cikin azumi. Nan fa malalaci ya tashi haiƙan. Da yake lokacin tashe ne, ya ce 'yan aji huɗu za su yi insha'i su siffanta dodon tashe. To, ya bar yara su faɗi abin da idonsu ya gani mana. Ina! Shi ya rubuta nasa a allo: idanu kamar garwashi, haƙora kamar lauje, murya kamar aradu. Ya ce kowa ya kwafa, wai ɗan masunci ba shi da kan da zai ƙago magana.

Yara talatin suka kwafa. Sakinatu kaɗai, wata siririya mai zama a baya, ta rubuta nata. Ya dangwara mata sifili da jan biro, ya cusa littafin a ƙasan sauran.

Ranar da sufeto ya zo ina laɓe a taga, ban ɓoye muku ba, kallo na je yi. Ya buɗe littafi biyar, ya tarar da garwashi biyar da lauje biyar. Ya cire tabarau, ya tambaya ko a ajin nan akwai wanda ya taɓa ganin dodo da idonsa. Gogan naka, Malam Abdussamadu, ya ga inda aka dosa. Ya juya baya, ya zaro littafin Sakinatu, ya ja sanda ɗaya a gaban sifilin, ya koma goma. Sannan ya kira ta da wata murya mai zaƙi da ban taɓa jin yana da ita ba.

Ta miƙe ta karanta: "Dodon unguwarmu yana rufe kai da fasasshen goran masunta, ya yafa tsohuwar homa ta kamun kifi. Yana warin kifi da hayaƙi. Bara ban ji tsoro ba, don na ga tabon ƙugiya a ƙafarsa, na san yayana Hodi ne. Da damina ruwa ya ci Hodi. Bana dodo ya zo da goran nan da homar nan. Na duba ƙafa, babu tabo. Shi ne na ji tsoro."

Ni kaina sai da na goge ido. Mista Silvanus ya tambaya wa ya koya mata haka.

"Ni nik koya mata, ranka shi daɗe," in ji Malam Abdussamadu, har da dafa ƙirji. "Wanga duk aikina na."

Ko ƙyaftawa bai yi ba. Sufeto ya gyaɗa kai, ya cika shafi guda da rubutu, malam kuwa ya fara sayar da tabarminsa da randa tun a makon.

Bayan salla takarda ta zo daga Sakkwato, hedimasta ya tara mu ya karanta. An yaba masa ƙwarai. An ce malamin da ya iya fito da irin wannan daga bakin yaran karkara, zalunci ne a raba shi da su, don haka a bar shi a Gulma. Shekara tara ya yi tare da mu.