Shekara Talatin na Rafin Kanya

Alhaji Abdulƙadir yana zaune a inuwar mangwaron gidansa da ke Nassarawa GRA 'yarsa Raudatu ta zo masa da zancen bikin. Ƙaramar hukumarsu ta Rafin Kanya za ta cika shekara talatin da kafuwa, 'yan asalin yankin mazauna Kano kuma sun kama ɗakin taro a bayan layinsu don karrama waɗanda suka yi fafutukar samo ta.

"Ku biyu kaɗai kuka rage, Baba," in ji ta. "Kai da Baba Zubairu."

"To su karrama shi. Ni ba inda za ni."

Shi da Malam Zubairu tare suka taso, tare suka yi koyarwa, tare kuma suka riƙa bin ƙauyuka a wata tsohuwar Fijo suna lallashin dagatai su goyi bayan a ba yankin ƙaramar hukumarsa. Da aka ba su, sai aka kai hedikwata Rafin Kanya, garin su Zubairu, aka bar Dutsen Marke, garin su Abdulƙadir. Wasu suka ce masa abokin nasa ne ya zagaya ya shirya haka. Bai tambaye shi ba. A gaban jama'a Zubairu ya miƙo masa hannu, ya ƙi karɓa. Daga baya Zubairu ya sha zuwa gidan nan, ana ce masa Alhaji ba ya nan, har ya gaji ya daina. Yanzu Zubairu yana Hotoro wajen 'yarsa Raliya, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba.

Da Raudatu ta ce za a ba da tarihin kafuwar a wurin taron, sai ya sauya shawara.

"Zan je. Gara yaran nan su ji yadda aka yi da mu, kuma a gabansa zan faɗa."

Ranar Asabar ɗakin ya cika, mata sun yi anko, makaɗa na bakin ƙofa. Aka kai shi kujerar gaba. Kusa da ita ga wani tsoho a keken marasa lafiya, ya rame, hula ta yi masa yawa. Sai da tsohon ya yi murmushi sannan Abdulƙadir ya gane shi.

"Audu!" Zubairu ya kamo hannunsa da hannu biyu. "Ina ka shige tun ɗazu? Ka zuba wa motar mai? Gobe Dutsen Marke za mu, dagaci ya ce mu zo da wuri."

Abdulƙadir ya dubi Raliya, wadda ke tsaye a bayan keken. Ta sunkuyo ta ce a hankali, "Baba, mantuwa ce ta kama shi. Ko ni wani lokacin ba ya gane ni."

"Na zuba," Abdulƙadir ya ce da Zubairu.

"Madalla. Kana ganin za su ba mu kuwa?"

"Za su ba mu, in sha Allah."

Da aka miƙa masa abin magana, duk abin da ya shirya ya ƙi fitowa. Ya ba da labarin damunar da rafi ya kusa tafiya da motarsu, mata suka fito da igiyar guga aka jawo ta. Ya ambaci abokan tafiyarsu da suka rasu, ɗaya bayan ɗaya, aka yi musu addu'a. Zubairu na ta tafi kamar labarin wasu ake bayarwa.

Bayan an tashi ya durƙusa a gefen keken.

"Zubairu, ka yafe mini."

"Me ka yi mini?" Zubairu ya yi dariya. "Kai dai kada ka makara gobe."

Washegari da hantsi ya sa Raudatu ta kai shi Hotoro. Suka tarar da Zubairu a tsakar gida yana shan kunu. Ya amsa sallama cikin ladabi, ya dubi baƙon, ya ce da Raliya, "Wannan bawan Allah fa? A ba shi wurin zama."

Abdulƙadir ya zauna. Raliya ta ce masa har kafin ciwon ya yi ƙarfi, duk Sallah sai mahaifinta ya tambaya ko Audu ya aiko. Game da hedikwata kuwa, ta ce bai taɓa yi musu zancen ba, ba ta san komai a kai ba.

Ya jima a wurin. Da za su tafi ya tambayi Raliya ko zai iya dawowa ranar Juma'a.

"Gidanka ne, Baba," ta ce. "Sai dai kada ka sa rai zai gane ka."