Layin Bakin Tukunya

"Faɗaɗa shi," in ji Baba. "Milimita ɗaya kawai."

Injiniya ta kai kibiyar kwamfuta kan layin, amma ba ta danna ba. Baba yana tsaye a bayanta, ya dafa kujerarta da hannu ɗaya, numfashinsa na fita da ƙarfi. Sunan Injiniya Baffanta ne ya laƙaba mata tun tana ƙarama tana kwance rediyon gida, har ya bi ta makaranta, ya dawo da ita wannan masana'anta.

Abin da ke kan allon zanen tukunyar tace ruwa ne, an nuna ta kamar an tsaga ta biyu daga sama zuwa ƙasa. Daga wannan zane guda gangar tukunyar da murfinta da zoben robar da ke tsakaninsu suke ɗaukar awonsu. In aka taɓa layi ɗaya, duka ukun sai su gyara kansu. Ita ta tsara shi haka, lokacin da Baba da ƙaninsa suke cin abinci a kwano ɗaya.

Yanzu kuwa katangar langa-langa ta raba masana'antar biyu. Baba na yin ganga a nan, Baffa na yin murfi a can, gaisuwa ma sai ta kama dole. Abu ɗaya da ba su raba ba shi ne wayar da ta ratsa wata 'yar huda a ƙasan katangar, ta haɗa kwamfutocinsu. Su biyun sun manta da ita ne kawai, ba don zumunci suka bar ta ba.

"Baba, in na faɗaɗa bakin, murfin Baffa ma zai faɗaɗa. A haɗe suke."

"Na sani. Ni ba yaro ba ne. Ki faɗaɗa, amma ki fara yanke murfinsa daga zanen. Nasa ya zauna yadda yake."

Gobe mai sayen tukunyar zai zo a gwada ta a gabansa, a cika ta da ruwa, a matsa. Murfin da ya gaza baki da milimita ɗaya ido ba zai gane ba, amma ruwa zai gane, ya yi feshi a fuskar kowa. Kuma duk wanda ya ga murfi na yoyo, mai murfi zai kalla.

"An ce mini Baffanki ya bi mai sayen ta bayan fage," in ji Baba. "Wai zai iya yin tukunyar gaba ɗaya, ba sai da ni ba. Ni da na koya masa riƙe sufana!"

"Wa ya ce maka?"

"Ina ruwanki da wanda ya ce? 'Yar wa ce ke, tawa ko tasa?"

Ta san Baba: mutum ne da zai ba ka rigarsa da safe, da rana ya nemi ka biya shi maɓallin. Amma yau muryarsa rawa take, kuma wannan ya fi tsawarsa ba ta tsoro.

A bayan katanga injin yankan Baffa ya yi gurnani, ana ɗumama shi. Da ya gama zai ɗauki awon murfi daga kwamfuta ya fara cin ƙarfe, kuma ƙarfen da aka yanke ba ya dawowa.

"In ba za ki iya ba," in ji Baba a hankali, "ki ajiye mini makullin ofishina, ki zagaya can. Ga ƙofa."

Ta buɗe wurin da ake yanke haɗin. Kwamfutar ta tambaye ta ko ta tabbata, ta ba ta zaɓi biyu. Baba bai iya karanta waɗannan ƙananan rubutun ba sai da tabarau, tabaran kuma yana can kan teburinsa. Ta danna na biyun, tambayar ta ɓace, haɗin yana nan. Sannan ta koma kan layin bakin, ta ƙara milimita ɗaya.

"An gama?"

"Na faɗaɗa, Baba."

Ya saki kujerar. Bai yi kama da wanda ya ci nasara ba. Ya je taga ya tsaya, yana goge hannayensa da tsumma ko da yake ba komai a jikinsu.

Injin Baffa ya yi shiru.

Sai takun takalmi a kan tsakuwa, ya zagaya ƙarshen katangar, ya nufo su. Baffa ya yi sallama daga bakin ƙofa, abin da ya daɗe bai yi ba. Gajere ne, garin ƙarfe ya manne masa a gemu.

"Wa ya taɓa bakin tukunya? Ina shirin yanka sai na ga murfina ya canza."

Baffa ya dubi Injiniya, ya dubi bayan yayansa.

"Yaya, kai ka sa?"

Baba ya juyo. Idonsa ya sauka a kan 'yarsa, ya daɗe a wurin. Ita kuma ta riƙe gefen tebur, tana jin makullin ofis a aljihunta.

"Ni na sa," in ji shi.

Baffa ya sauke ajiyar zuciya, har da 'yar dariya. "Alhamdu lillahi! Tun yaushe nake cewa bakin nan ya matse wa zoben, ka ce ni ɗan jiya ne? Shekaranjiya ma mutumin nan ya tare ni, wai in yi masa tukunyar ni kaɗai. Na ce masa ganga ta Yaya ce, ni ban iya ta ba." Ya sosa gemu, kunya ta ɗan kama shi. "To, bari in je in yanka kafin inji ya huce."

Ya fita. Can sai injin ya sake tashi, ya kama ƙarfe da ƙara.

Baba ya ɗauko tabaransa daga tebur, ya sa, ya dawo bayan kujerarta. Ya sunkuya yana duba allon, layi bayan layi. Injiniya ta sa hannu a aljihu, ta fito da makullin, ta ajiye kusa da hannunsa.

Bai kalle shi ba.

"Zoben robar fa?" ya ce. "Shi ma ya bi?"

"Ya bi, Baba. Duka sun bi."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya tura makullin da yatsa ɗaya, har ya taɓa hannunta.

"To me kike jira? Tura wa injinmu gangar."