Shagon Baba Ya Sha Fenti

Akwati biyu. Rubutun fim, kwafi uku. Farin gemu na liƙawa. Tabarau irin na Baba. Maganin gwiwa na Inna. Abin da ke bayan tasi ke nan da muka baro filin jirgi.

Shekara goma sha ɗaya ina fitowa a finafinan wasu a ƙasashe uku: direba, mai gadi, likitan da zai faɗi kalma biyar ya fita. Wannan karon ni na rubuta, ni na nemo masu ɗaukar nauyi, ni zan fito a matsayin Baba, Allah ya jiƙansa. Hotunan shagonsa na gyaran rediyo ne suka ja hankalinsu: bangon da hayaƙin dalma ya baƙanta, tebur duk tabon ƙuna, matattun rediyoyi har rufi. Ranar Litinin mutum bakwai za su sauka da kyamara.

Na ce wa direba shagon za mu fara zuwa. Yayana na bakin ƙofa, bakinsa har kunne.

"Auta, rufe idonka."

Ban rufe ba. Bango fari fat. Tayil a ƙasa. Teburin roba, da furen roba a kai.

"Ina rediyoyin?"

"Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun kwashe. Baro shida!"

"Teburin fa?"

"Da shi aka dafa wa masu fenti abinci."

"Yaya, sau uku na rubuto maka kada a taɓa komai."

"Na gani. Na ɗauka kara kake mana, kada mu wahala."

Inna ta iso tana dogara sanda. Na durƙusa na gaishe ta, sannan na ce, "Inna, dattin nan shi na zo ɗauka."

"Duniya za ta leƙo wurin ubanka, ka nuna mata ƙura da kashin ɓera? Abin da aka koya maka a can ke nan?"

"Haka ya zauna shekara arba'in."

"Shi ya sa muka yi shekara arba'in muna faɗa."

Na kankare bango da mukulli. Fenti shafi uku, a ƙarƙashi sabuwar filasta. Yaya ba ya aikin ha'inci. Ban taɓa jin haushin hakan ba sai ranar.

Da na juyo, na hango wani shago a tsallaken titi. Duhu a ciki, wayoyi na reto, wani tsoho ya sunkuya kan buɗaɗɗiyar rediyo, hayaƙi na tashi.

"Wancan fa?"

"Dogo? Kar ma ka kalle shi," in ji Yaya. "Shi ya janye wa Baba rabin masu kawo gyara. Har Baba ya rasu ba sa ga maciji."

"Ƙazamin banza," Inna ta ce. "Shagon nan bai taɓa ganin tsintsiya ba."

"Ko sau ɗaya?"

"Ko sau ɗaya."

Na ci gaba da kallo. Yaya ya dube ni, ya dubi tsallake, murmushinsa ya ɗauke.

"Auta, kar ka soma. Ka fito a matsayin Baba, a kan kujerar Dogo? Wallahi sai dai ka nemi wani yayan."

Na fito da su waje, na jawo sabuwar ƙofar na rufe.

"Fentin ya yi kyau, Yaya. Ranar Litinin a shagon Dogo za mu ɗauka."