Baƙin Faifan Malam Abednego

Karo na uku ke nan da Lilian ta ɗauko kwamfutar mijinta daga unguwar Karewa zuwa shagon Apollos mai gyara, kuma duk wanda ya san ranar Jimeta a watan Afrilu ya san ba shan iska ya fito da ita ba. Ta sauko daga Keke Napep da ƙyar, ta zube a bencin ƙofar shago tun ba a ce mata bismilla ba. Ko gaisuwar ma rabi ta yi.

Wata tara ke nan da rasuwar mijin nata, Abednego. Malamin makaranta ne, mai kirki, mai taurin kan tsiya. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana bin tsofaffin matan ƙauyensu a wajen Numan, yana rubuta waƙoƙin ibada na yaren Bachama, irin waɗanda ba a littafi suke ba sai a bakin tsofaffi. Ya tara ɗari biyu da sha huɗu. Takardun da ya fara rubutawa ambaliya ta tafi da su tuntuni, yawancin tsofaffin kuma sun riga shi tafiya. Abin da ya rage duk yana cikin kwamfutar nan. Ita kuwa Lilian ranar jana'iza ta miƙe a gaban jama'a ta yi alkawarin buga littafin kafin ya cika shekara. Da ta zo buɗewa, sai kwamfutar ta ce ba ta san zancen ba.

Apollos ya fito yana share gumi da gefen riga. Shi ma da ganinsa ya sha wuya.

"Mama, na gwada duk dabarar da na sani. Faifan ajiya na cikin kwamfutar nan ya mutu, ko juyawa ba ya yi. Amma kar hankalinki ya tashi, Baba ba mutumin wasa ba ne. Ki kawo mini baƙin faifan nan nasa, yau ɗin nan zan dawo miki da komai."

"Wane baƙin faifai kuma?"

Sai ya jawo kujera ya ba ta labari. Shekara huɗu da suka wuce, a kan wannan bencin Abednego ya wuni yana zaɓen manhajar da za ta riƙa ajiye masa aikinsa. Biyu Apollos ya nuna masa. Ta farko tana kwafe takardu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, kowa ya gani ya gane. Ta biyu tana ɗaukar hoton duk abin da ke cikin kwamfutar gaba ɗaya, ta ɗaure shi ƙunshi guda, ba mai iya kwancewa sai ita. Apollos ya ce ta farko ta ishe shi. Ina! Abednego ya ce shi ba na'urar da za ta zaɓar masa abin ɗauka da abin bari, a kwashe masa duka. Ya sayi faifan waje, kuma duk Asabar sai ya jona ya ɗauki sabon hoto.

Lilian ta lumshe ido. Ta tuna wani ɗan baƙin abu mai igiya, girmansa bai fi sabulun wanka ba, da ta ɗauka na cajin waya ne. Mako guda bayan binnewa dangin miji suka zo rabon kayan mamaci kamar yadda aka saba. Wannan ya ɗauki takalma, wancan kwat, wani rediyo. Tana zaune tana kallo. Baƙin abin nan Albert ne ya sa a aljihu, ƙanen marigayin, wanda ke zaune a unguwar Bako.

Ta kira shi a waya, ta buɗe muryar don Apollos ya ji.

"Matarmu! Ina gajiya? Ya zafi?"

"Albert, baƙin faifan yayanka yana wajenka?"

"Yana nan lafiya lau. Yana mini aiki sosai, bidiyon bikin 'yata Virtue duk a ciki na zuba, da wa'azi."

Apollos ya matso kusa da wayar. "Oga, sannu. Kafin ka zuba, me ka samu a ciki?"

"Ba komai fa. Wani abu ne ƙato guda ɗaya, ya cinye wuri, ka danna ba ya buɗuwa. Na share shi."

"Yanzu faifan ya cika?"

"Har baki. Sau biyu ma ina kwashewa ina sake zubawa."

Apollos ya koma ya jingina da bango. Lilian ta gane amsar a fuskarsa: abin da aka share aka zuba wani a kansa ba ya dawowa. Zuciyarta ta taso, kuma gaskiya ta ɗan ji daɗin tasowar, don wata tara tana neman wanda za ta sauke wa.

"Kai wane irin mutum ne, Albert? Ka samu abu a kayan mamaci, ka share ba ko tambaya?"

"Haba, matarmu, ai na tambaya. Ranar da na kawo miki masara, kina kwance a falo. Na ce akwai wani abu a ciki da ba ya buɗuwa. Kika ce in share, ke kin gaji da tarkacen da ba ya aiki."

Ta tuna ranar sarai, har da buhun masarar da ya jingina a bayan ƙofa. Ko kai ba ta ɗaga ba lokacin da ta faɗa. Ta kashe wayar ba sallama.

Janaretan maƙwabta na ta ruri. Tausayinta ya kama Apollos, ya rasa me zai ba ta, sai ya lalubo abin da yake ganin mafita ce.

"Mama, ai ba a rasa duka ba. Shekara goma sha ɗaya Baba yana rera su a gida. Nawa kika riƙe a ka? Ki faɗa, ni zan buga miki."

Lilian ta jawo kwamfutar ta ɗora a cinya, tana shafa murfin.

"Ko ɗaya ban riƙe har ƙarshe ba, ɗana. In ya fara, ina kicin nake ɗaga murya in ce ya rage mini surutu."