Inda Keken Ɗinki Ya Tsaya

Saƙon ya shigo zauren tsofaffin ɗalibai ne a waya, tsakanin hoton jaririn wani da tallar takalman wata. Za a mayar da Sashen Nazarin Al'adu da Al'amuran Duniya sabon gini, kuma a can babu wurin ajiye kaset-kaset ɗin Farfesa. Duk mai son nasa ya zo kafin Juma'a. Abin da ya rage, buhu za a zuba.

'Yar Tela ta karanta sau biyu, ta ajiye ludayi. Mahaifiyarta ta rasu shekara huɗu ke nan, wata biyar kafin ta haihu. Hotuna akwai su, amma murya babu, don wayar da ke ɗauke da saƙonnin tsohuwar ta faɗa bokitin wanki tun tuni. Ga shi a 'yan kwanakin nan 'yarta, wadda ake kira Tsuntsuwa saboda tsattsagar abinci, ta kama wata tambaya ta ƙi saki: “Mama, ke mamanki yaya take magana?”

Muryar tana wuri ɗaya tak a duniya: cikin wani kabad a hawa na biyu na tsohon ginin.

Washegari ta nemi izinin rabin yini a ofis, ta ɗauko Tsuntsuwa daga makaranta. A tashar bas ta durƙusa ta ɓalla mata maɓallan rigar sanyi har wuya.

“Mama, zafi nake ji.”

“Iskar taga ba ta san kina jin zafi ba. Tsaya mini.”

Ginin bai canja ba, ya dai tsufa. Matakala ta bakwai har yanzu a guntule take, ƙafarta kuma ta tsallake ta da kanta kamar jiya ta bar wurin. Ga ƙatuwar taswirar duniya a bango, teku ya koɗe saboda yatsun ɗalibai. A gaban taswirar nan suka sha gardama a kan iyakokin ƙasashe da wanda ya ja su, da rikicin ruwa, da dalilin da ya sa wasu al'ummu ke binne mamatansu wasu ke ƙonawa. Ajinsu ya haɗa mutanen nahiya uku. Kowa yana kuka da abincin kantin sashen da harshensa, kowa kuma yana komawa ya ƙara. Lokacin tana ganin idan ta gama, duniya ce za ta miƙe tsaye ta ba ta kujera.

Ta tarar da Farfesa a ofis cikin kwalaye, ta ƙara ƙanƙancewa, tabarau biyu a jikinta, ɗaya a ido ɗaya a goshi.

“Ranki ya daɗe, ina wuni?”

Farfesa ta ɗago ta ƙura mata ido. “'Yar Tela! Sarauniyar sauri. Har yanzu kina gama jimlar mutane kafin su kai ƙarshe?”

“Na rage, Farfesa.”

“Aure ne ya rage miki ko wannan?” Ta nuna Tsuntsuwa da biro. “Ke kuma 'yar nan, ƙanƙara aka ce miki za ta zubo?”

Tsuntsuwa ta ɓuya a bayan uwarta.

Kowa ya san al'adar aikin Farfesa. Ɗalibi ba ya taɓa littafi ko ɗaya a kan ƙaurar mutanen duniya sai ya fara komawa gida ya yi hira da babba a gidansu, a kan barin wani wuri zuwa wani. Kuma da kaset, ba da waya ba. Ta ce waya tana koya wa mutum tsallake, kaset kuwa dole ka zauna ka jira shi. Dokokinta biyu ne. Ba a rubuta sunan kowa a jikin kaset, sai lamba, don a rufa wa mai magana asiri. Sannan ba a kashe rikoda sai kaset ya ƙare da kansa, gefe da gefe, ko da an gama hira.

Ta buɗe kabad ɗin. Kaset wajen ɗari shida, layi-layi, kowanne da lamba.

“Lambarki nawa?”

'Yar Tela ta bi layukan da ido. Lambar tana cikin littafin aikinta, littafin kuma ya bi takardun da aka zubar lokacin tashi daga gidan haya na biyu.

“Rajista fa, Farfesa?”

“Wace rajista? Ni da na hana rubuta suna zan koma in tara sunaye a littafi? Ke ce ma kika tashi a aji kika ce dokar ta yi kyau.”

Gaskiya ne. Ita ce ta fi kowa bin dokar. Ko a cikin rahoton ba ta ce mahaifiyarta ce ba, ta rubuta: mace, shekara hamsin da huɗu, tela. Ta dubi kabad ɗin, ta dubi agogo. Kaset ɗari shida, kowanne awa guda, Juma'a kuma jibi.

Ta zaro ɗaya. A ƙasan lambar akwai ƙaramin rubutu da jan biro: Ba ka tambayi sunan kogin ba. Ta zaro wani: Wa ya rufe ƙofar a bayansu? Sai abin ya dawo mata. Farfesa ba ta rubuta gyara a rahoto, a jikin kaset take rubuta tambayar da ɗalibi ya kasa yi.

“Na tuna nawa!” ta ce. “Wani abu ne a kan keken ɗinki. Na ji haushinsa mako guda.”

“Haushin maki kika ji. Kin zo nan kin tsaya daidai inda kike, kin yi mini lacca a kan littattafai goma sha biyu da kika karanta.”

Suka raba aikin. Farfesa ta ɗauki layin ƙasa don gwiwa, 'Yar Tela ta hau kujera, Tsuntsuwa kuma aka naɗa ta mai jera waɗanda aka duba a kwali. Kowane minti biyar uwar na leƙowa: kar ki sa a baki, matso daga jikin soket, rufe hancinki ga ƙura. Sun haura ɗari uku lokacin da hannunta ya tsaya a kan wani mai tsagaggen murfi.

Me ya sa keken ya tsaya? Juya kaset.

Kalmomi biyun ƙarshe, za ta iya rantsuwa ba ta taɓa ganinsu ba.

Farfesa ta hure ƙurar rikoda, ta danna. Aka ji shuuu, sai ƙarar keken ɗinki, kat-kat-kat, sai murya mai ɗan kaushi ta mai allura a gefen baki.

“To ni yanzu da akwatin zan yi magana ko da ke?”

'Yar Tela ta zauna a kan kwali ba tare da ta duba ko zai ɗauke ta ba. Ɗakin ya cika da shagon nan mai ƙofa ɗaya: warin man keke, guntayen yadi a ƙasa, tef a wuya, alli a bayan kunne.

“Tsuntsuwa, zo. Ga kakarki.”

Yarinyar ta kai kunne jikin rikodar. “A ciki take zaune?”

“Muryarta ce a ciki.”

Sai ga muryar 'Yar Tela ta wancan lokacin, siririya, mai gaggawa, tana karanto tambayoyi kamar mai kiran sunaye a aji. A wace shekara kuka taso? Da wace irin mota? Tsohuwar na amsawa tana ɗinki, tana tsokana. “Motar da ta fi ubanki tsufa, kuma ta fi shi tari.” Farfesa ta yi dariya kamar yau ta fara ji.

“Tambaya ta bakwai. Me kika bari a can da kika fi kewa?”

Keken ya tsaya.

Shiru ya miƙe. Ana jin wata mota ta wuce a titi. 'Yar Tela ta ƙirga a ranta, ɗaya, biyu, har tara. Sannan siririyar muryar ta ce, “To bari mu wuce. Tambaya ta takwas. Yaya shigowar kayan sawa na ƙasashen waje ya shafi sana'arki?”

Ta rufe fuska da tafin hannu. Tambaya ta takwas ce ta cinye mata shafi shida a rahoton, har da jadawali.

Farfesa ta fitar da kaset ɗin, ta juya shi, ta mayar.

Gefe na biyu ya fara da ƙarar kujera da siririyar muryar tana nisa: “Inna, kar ki taɓa shi, an ce sai ya ƙare da kansa. Bari in je in yi fotokwafi in dawo.” Ƙofa ta rufe. Keken ya yi ɗan gudu, ya sake tsayawa.

“Malamarsu,” in ji tsohuwar, muryarta ta matso kusa, “ke ce za ki ji wannan, ko? Ki yi haƙuri da ita, sauri gare ta, amma tana da kai. Abin da ta tambaya ɗin nan. Ina da 'ya kafin ita. Wata goma sha ɗaya. Sanyi ya shiga ƙirjinta a damina, kwana uku. Tana can bayan tashar jirgi, a gindin wata bishiya. Ita na bari. Ubanta ba ya son a tayar da zancen, ni kuma kullum sai in ce sai wannan ta girma zan gaya mata.” Aka ji ta ja hanci, ta ɗan yi dariya. “Shi ya sa nake takura mata da rigar sanyi. Tana cewa na mayar da ita buhun gawayi.”

Keken ya ci gaba. A ƙarƙashin ƙararsa tsohuwar ta kama wani ɗan amo ba kalmomi, wanda ake rarrashin jariri da shi. 'Yar Tela ta san shi. Shi take yi wa Tsuntsuwa kullum, amma rabi, don ta ɗauka iyakarsa ke nan. Ashe yana da sauran hawa da sauka.

Har kaset ya kai ƙarshe, maɓalli ya yi tsalle da kansa, ba wanda ya motsa.

“Farfesa, me ya sa ba ki gaya mini ba?”

“Ba ni aka ba ajiyar in raba ba. Na rubuta miki inda take.” Ta sauko da tabarau na goshi, ta ga akwai wani a idon, ta mayar. “Shekara talatin ina tura yara su karanto mutanen bayan teku. Wannan ba wuya, ɗakin karatu na nan. Zama a gaban mutum ɗaya har ya gama shirunsa, shi ne kwas ɗin. Ban taɓa samun wanda ya ci shi a shekarar farko ba.”

Tsuntsuwa ta ja zanen uwarta. “Mama, a sake waƙar Kaka.”

“A gida za mu ji, mu koye ta duka.”

Ta naɗe kaset ɗin a hankici, ta sa a aljihun ciki na jaka, ta ja zif, ta sake dubawa. Mahaifinta yana nan da rai, a ɗakin baya na gidan yayanta, yana yini da rediyo a cinya. Ranar Asabar ba ta da aiki.

“Farfesa, rikodar nan ma buhu za ta?”

“Buhu ya ci gidansu. Me za ki yi da ita?”

“Aro nake so. Da kaset ɗaya wanda ba komai a ciki, in akwai.”

Farfesa ta buɗe durowa ta miƙo mata guda biyu. “Tsofaffin maza sun fi daɗewa kafin su fara. Tambaya nawa za ki rubuta?”

“Ɗaya.”

A kan matakala Tsuntsuwa ta sake kukan zafi. Uwar ta durƙusa, ta taɓa wuyanta, ta ji gumi. Ta ɓalle maɓallin sama, ta yi jim, ta ɓalle na biyu. Na ukun ta bar shi yadda yake, ta kama hannunta suka tsallake matakala ta bakwai.