Garin Dutsen da Issoufou Ya Kawo

Shekara talatin Mushe Sumana, wato Malam Sumana, ya yi yana koyar da kimiyya a wata lise, makarantar sakandare, ta Yamai kafin ya ajiye alli. Yanzu aikinsa ɗaya ne: Litinin da Alhamis ya ɗauki matarsa Hawwa daga unguwar Talladje zuwa wankin ƙoda, ya jira awa huɗu a kan benci, ya maido ta gida tana jan ƙafa.

Wata Laraba ƙanenta Issoufou, direban babbar mota, ya dawo daga Kwatano da gwangwani cike da farin gari.

"Yaya, zeyolit sunansa," in ji Issoufou. "Mai sayarwa ya ce yana tsotse dafin jini kaf. Wasu har sun bar zuwa likita."

Hawwa ta rungume gwangwanin a cinya. Rabon Sumana da ya ga fuskarta a sake haka tun bara.

Sumana ya san dutsen da ake niƙa garin da shi sarai. Sau da yawa ya zana shi a allo, ramuka ƙanana kamar saƙar zuma, waɗanda ido ba ya gani, masu kama ƙazantar ruwa. Ya kuma san in an sha shi, hanji kawai yake bi ya fita, ba ya aikin ƙoda. Ya jira har Issoufou ya tafi, don kada ya kunyata shi.

Bayan la'asar ta ce, "Malam, gobe ba za ni ba. Zan gwada wannan."

Ya zauna a bakin tabarmarta ya yi mata bayani a hankali, bai rage komai ba.

Ta daɗe tana kallon hannunta, inda allura ta bar tabo a kan tabo.

"Ai na sani," ta ce. "Matar malami ce ni. Gajiya na yi, Malam. So nake a ce mini akwai wata hanya, ko da ta yini ɗaya ce."

Ya riƙe hannun, suka zauna har aka kira magariba.

Da safe ita ta riga shi shiryawa. Ranar ya roƙi ma'aikaciyar jinya ta bar shi ya shiga, ya ja kujera kusa da injin wankin ƙodar, yana ba ta labarin ɗaliban da suka fi ba shi wahala. Ta yi dariya sau biyu, sannan barci ya ɗauke ta.

Wata goma sha huɗu suka ƙara tare. Ta rasu a gida, farkon damina, Issoufou na cikin waɗanda suka ɗauki makararta.