Baba Samfur Ya Mayar da Shekaru

Mai Faci yana cikin danna tiyub a bahon ruwa, yana neman inda iska ke fita, sai Auta, 'yar tsohon maƙwabcinsa, ta leƙo ta saman katanga.

"Kawu, Baba ya ce ka zo yanzu-yanzu. Wai ka bar tayar."

"Jikin ne?"

"Jiki da sauƙi. Bakin ne ya ƙi hutawa."

Ya goge hannu a wando ya zagaya. Shekara goma sha takwas ke nan katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohon, amma bai taɓa shiga ɗakin nan bai tsaya ya kalli bango ba. Shafukan mujallar jami'a ne manne da ƙusa, layi-layi, na wannan shafin da ake jera nasarorin malamai duk ƙarshen zango. Sashen Lafiya ya gano sirrin tsawon rai a jikin wani dattijo mai shekara ɗari da takwas. Sashen Tarihi ya samo mutum na ƙarshe da ya ga zuwan jirgin ƙasa na farko da idonsa. Sashen Gona ya yi nisa a binciken ganyen gwaba. Sashe uku, dattijo ɗaya, ga shi nan kwance a kan gadon ƙarfe, ya rame kamar sandar rake da aka tsotse. Tun da wani ɗalibi ya kira shi "samfur na bakwai", wato lambarsa a takardar bincike, a gaban jama'a, unguwa ta manta sunansa na gaskiya.

"Baba, sannu da jiki."

"Rufe ƙofar. Zauna." Baba Samfur ya ja numfashi. "Akwai kayan mutane a hannuna, ina so in mayar kafin in tafi."

Mai Faci ya matso kusa. "Kayan wa?"

"Shekaru ne. Ashirin da biyar. Ba nawa ba ne."

Mai Faci ya taɓa goshinsa ko zazzaɓi ne. Tsohon ya doke hannun.

"Tamanin da uku gare ni, ba ɗari da takwas ba. Je ka kirawo mini mutanen jami'ar."

"Baba, ni fa na sa hannu a takardarsu a matsayin shaida!"

"Ka ga haihuwata?"

"A'a."

"To kai ma ka zo da naka tuban."

Sai wani abu ya faɗo wa Mai Faci a rai wanda ya fi sa hannun ciwo. "Ganyen gwaban fa? Shekara uku ke nan kullum da safe sai na dafa na sha. Har matata na tilasta wa."

Baba Samfur ya kawar da kai wajen bango. "Ni shayi nake sha. Sukari cokali huɗu."

Da hantsi Mai Faci ya hau babur ya shiga jami'a da baƙin mai a farcensa. A Sashen Tarihi sakatare ya ce Farfesa yana taro, a dawo mako mai zuwa. A Sashen Lafiya aka ce ya cike takarda. A Sashen Gona bai sami kowa ba sai wata akuya ɗaure da lamba a kunne. Da ya ga hankali ba zai yi ba, sai ya koma wurin sakataren farko ya sunkuya ya ce, "Ka gaya masa Baba Samfur zai yi maganarsa ta ƙarshe."

Kafin ya kai gida motoci uku sun riga shi.

Ɗakin ya cika. Farfesa, mai tumbi da tabarau a kan hanci, ya kafa rikoda a kan matashin kai. Dakta, wadda shekara takwas ke nan take zuwa duk Laraba ta auna jinin tsohon, ta zauna a bakin gado ta naɗa masa abin awo a dantse. Malamin Gona, dogo siriri, bai sami wurin zama ba, ya tsaya a bakin ƙofa riƙe da littafi. Auta ta rakuɓe a gefe.

"Baba," in ji Farfesa da muryar lacca, "duk abin da za ka faɗa yanzu, amana ce ga al'ummar da za ta zo."

"Ka matsa masa ya sha iska, ranka ya daɗe," in ji Dakta. "Majinyacina ne."

"Tushen tarihina ne tun kafin ki san hanyar gidan nan."

Baba Samfur ya ɗaga yatsa. "Auta, jawo gwangwanin."

Ta jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Ya lalubo wani kati da ya yi jawur don tsufa ya miƙa wa Dakta. Ta karanta, ta sake karantawa, ta cire abin awon a hankali.

"Wannan ai katin ma'aikacin jami'armu ne."

"Mai gadi. Babbar ƙofa. Shekara talatin ina ɗaga muku ƙarfe kuna wucewa. Duba ranar haihuwa."

Farfesa ya fizge katin. Leɓensa ya yi ta motsi yana lissafi, gumi ya karyo masa. "Ba zai yiwu ba. Kuskuren magatakarda ne. Mutumin da ya ga jirgin farko da idonsa? Ka ce mini kun gudu kun hau bishiya! Babi guda na rubuta a kai!"

"Kai ka gaya mini."

"Ni?"

"Ka ce, 'Baba, ai kun tsorata ko?' Na ce mun tsorata. Ka ce, 'Kun gudu?' Na ce mun gudu. Ka ce, 'Wasu ma sun hau bishiya, ko ba haka ba?' Na ga kana so mu hau, sai muka hau."

Mai Faci ya toshe baki da hula. Auta ta fita da gudu, aka jiyo dariyarta a tsakar gida.

"To ganyen gwaba fa, Baba?" Malamin Gona ya tambaya daga bakin ƙofa.

"Ɗana, ka zo ka tarar da ni zaune a gindinta, ka ce mene ne sirrin. Na ɗaga kai ina tunanin amsa, sai na ga kana rubutu."

"Gona guda muka dasa! Bishiya ɗari huɗu!"

"Za ku sha gwaba."

Farfesa ya kashe rikodar. Ya gyara tabarau, ya sassauta murya irin ta mai cinikin da ya ga kasuwa za ta watse. "Baba, mu yi magana ta manya. Jiki in ya yi zafi, tunani yakan rikice. Abin da ka faɗa yau, zafin ciwo ne. A bar shi a ɗakin nan. Wa ka cuta?"

"Maƙwabcina," in ji Baba Samfur, ya nuna Mai Faci da haɓa. "Dubi fuskarsa. Ɗacin shekara uku ke nan. Gwabata kuma ko ganye ɗaya unguwa ba ta bar mata ba. Ni dai ba zan je a tambaye ni me na yi da shekara ɗari da takwas ba, alhali tamanin da ukun ma ban san yadda zan yi bayaninsu ba. A rubuta. A wannan shafin da aka sa ƙaryar, nan za a sa gyaran."

"Mujallar jami'a ba ta buga irin wannan," in ji Farfesa. Ya ajiye katin a kan gado, ya ɗauki rikodarsa ya fita. Malamin Gona ya bi bayansa, ya ɗan tsaya a gindin gwabar, ya girgiza kai, ya wuce.

Saura Dakta. Mai Faci ya san abin da ke gabanta, don ita da bakinta ta gaya masa ranar da ya yi mata facin taya: takardunta na neman zama farfesa suna gaban kwamiti, kuma binciken tsawon rai shi ne a sama. Ta ɗauki katin, ta daɗe tana juya shi a hannu.

"Baba, me ya sa?"

"Shekarar da uwar Auta ta rasu ne. Auta tana makarantar kwana. Sai in wuni a bencin nan ba wanda ya ce mini ci kanka. Wannan," ya sake nuna Mai Faci, "injin iskarsa kawai nake ji. Rannan wani yaro ya zo da takarda, ya ce waɗanda suka haura casa'in yake nema. Na ce saba'in da ɗaya gare ni. Ya ce to sai anjima. Har ya kai bakin titi na ƙwala masa kira, na ce na tuna, casa'in da shida ne." Ya yi tari. "Awa biyu ya zauna. Tun daga ranar benci bai sake yin sanyi ba."

Mai Faci ya sunkuyar da kai yana kallon baƙin man da ke farcensa.

Dakta ta buɗe jaka ta ciro farar takarda da biro. Ta dubi Mai Faci. "Kawu, Laraba nawa na zo gidan nan?"

"Allah kaɗai Ya sani, Dakta."

"Kuma ko sau ɗaya ban ce a nuna mini takarda ba. Wannan laifin ba na Baba ba ne." Ta ɗora takardar a kan gwiwa ta yi rubutu, sannan ta karanta da ƙarfi: shekarun samfur na bakwai tamanin da uku ne, kuma ta janye duk abin da ta gina a kan ɗari da takwas. "In mujallar jami'a ta ƙi bugawa, inda aka buga binciken za su buga. Yau zan aika."

"Farfesancin fa, 'yata?"

"Ya jira. Ai ni shekaruna na gaskiya ne, ina da sauran lokaci."

Ta fito da 'yar tawadar da yake dangwala yatsa duk lokacin da za a yi masa awo. Ya dangwala a ƙasan takardar, ya danna sosai har gadon ya yi ƙara. Mai Faci ya sa hannu a matsayin shaida, amma wannan karon sai da ya karɓi katin ya duba da idonsa.

"Alhamdulillahi," in ji Baba Samfur, ya mayar da kai kan matashi. "Na ji kamar an sauke mini buhu. Auta! Shayi."

"Sukari nawa?" Dakta ta tambaya tana harararsa.

"Kamar kullum."

"Wato cokali ɗaya, yadda ka gaya mini?"

Baba Samfur ya lumshe ido. Dakta ta sake buɗe biro.

Kwana biyu ya ƙara a duniya. Rana ta uku da safe, Mai Faci bai kunna injin iska ba, yana zaune a bakin gadon yana ba shi labarin wani direba da ya kawo taya mai ƙusa tara. Ya kai ƙusa ta shida sai ya lura ba a yi masa gardama ba. Kofin shayin yana kan kujera, da saura kaɗan a ciki.

Mutanen jami'a sun zo jana'izar da yawa. Farfesa ya zo, ya tsaya daga baya, ya yi ta goge tabarau. Da wani ya tambayi Auta shekarun marigayin, ta ce tamanin da uku, sai wata tsohuwa ta dafe ƙirji ta ce, "Wayyo, ashe yaro ne."

Bayan mako uku, Mai Faci yana kankare tiyub sai ga wata ɗaliba da jaka a baya da tulin takardu a hannu. Ta leƙa gidan da ke rufe, ta dawo wurinsa.

"Sannu da aiki, Baba. Bincike muke yi a kan masu sana'ar hannu da suka haura sittin. Shekarunka nawa?"

Mai Faci ya dubi bencin da ke jingine da katanga. Ya dubi titi, ba mota ko ɗaya. Ya buɗe baki, ya rufe.

"Hamsin da biyu," ya ce. "Amma zauna ki huta, rana ta yi zafi."

Ta ajiye jakar ta zauna. A saman kanta, gwabar ta fara fitar da ƙananan ganye.